Masu cewa "ku kare kanku" sun ƙi gaya wa talaka inda iyakar take

Janar Theophilus Danjuma ya sake ɗaga murya a Takum a watan Afrilun 2025, ya ce gwamnati ita kaɗai ba za ta iya tsare rayukan jama'a ba, don haka kowa ya tashi ya kare kansa. Tsohuwar magana ce a bakinsa, tun 2018 ya yi ta a Jalingo. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Aminu Bello Masari ya yi irinta yana gwamnan Katsina a 2021. A shekarar ce kuma Bashir Magashi, yana ministan tsaro, ya ce mutane su daina nuna tsoro a gaban 'yan bindiga. Bello Matawalle, yana gwamnan Zamfara, ya zarce su duka a 2022, ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin riƙe bindiga. Ko a Fabrairun 2025 shugaban hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ya ce al'umma ce ya kamata ta zama katangar farko idan an kawo hari. Da aka yi kisan Bokkos da na Zike a Filato sai maganar ta sake tashi, duk inda ka leƙa a Facebook, ko ka kunna rediyo da safe, abin da za ka ji ke nan: a kare kai, a kare kai.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a cikin manyan nan babu wanda ya tsaya ya ƙarasa maganar. Sun faɗi rabin da ake tafa wa, sun haɗiye rabin da ke kai mutum kurkuku ko ya sa ya kwana da jinin bayin Allah a wuyansa. Ba su ce wa manomin Batsari ko na Logo ga inda haƙƙinsa ya fara ba, ba su ce ga inda ya ƙare ba. Su suna kwana da sojoji da 'yan sanda a ƙofar gida. Ranar da abin ya ɓaci, ba su ne za su tsaya a gaban alƙali ba.

Watan Maris na 2025 ya nuna mana abin da rabin magana ke haifarwa, har sau biyu, cikin mako uku.

Ranar 7 ga wata Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, manomi daga Adamawa. A 2015 wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona a yankin Numan, ya ji masa rauni, suka yi kokawa, Jackson ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya har sau uku, makiyayin ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta amince, Kotun Ƙoli ma ta amince da rinjayen alƙalai huɗu, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ita kaɗai ta saɓa. Hujjar masu rinjaye ita ce, daga lokacin da wuƙa ta dawo hannunsa, barazanar da ke kansa ta kau, abin da ya biyo baya ya wuce kariya.

Ranar 27 ga wata kuma 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Kano da ke dawowa gida yin Sallah daga jihar Ribas. Suka ga bindigogin farauta, suka yi ihun masu garkuwa da mutane, jama'a ta taru, aka kashe mutum 16, aka cinna wa wasu wuta da taya. Ka tambayi waɗanda suka yi wannan aika-aika, ko masu kare su a intanet, amsar ɗaya ce: garkuwa da mutane ta ishe mu, muna kare garinmu ne.

To ga mutum ɗaya da aka kai wa hari da gaske, aka yanke masa hukuncin kisa. Ga kuma taron da babu wanda ya taɓa su, sun kashe matafiya, suna kiran abin kariya. Duk wanda zai hau mumbari ko ya riƙe makirufo ya ce wa jama'a su kare kansu bayan waɗannan abubuwa biyu, bai kuma ƙara ko jimla ɗaya a kan iyaka ba, bai yi wa jama'ar adalci ba.

Haƙƙin kare kai ba kyautar Janar ba ce, ba kuma ta gwamna ba. Yana nan a rubuce tun kafin a haifi yawancin masu ihun. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya ce ba a ɗauki mutum a matsayin wanda aka tauye wa wannan haƙƙi ba idan ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi don kare wani daga farmaki, ko kare dukiya, ko kama mai laifi bisa doka, ko hana tsararre gudu, ko kwantar da tarzoma. Amma sashen ya ɗaure maganar da sharaɗi biyu: ƙarfin ya zama gwargwadon larura, kuma a yanayin da doka ta yarda. Waɗannan sharuɗɗa su ne masu ihu ke tsallakewa.

Dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta fayyace abin daki-daki a sassa na 59 zuwa 67 (lambobin sun ɗan sauya a jihohin da suka sake fasalin tasu, amma ma'anar tana nan). Ka iya kare jikinka, ka iya kare jikin wani ko da ba ka san shi ba, ka iya kare dukiyarka da ta maƙwabcinka. Har kisa doka ta halatta maka idan harin da aka kawo na iya kashe ka ko ya yi maka mummunan rauni, ko fyaɗe ne, ko ana ƙoƙarin sace mutum. A kan dukiya ma ta halatta idan fashi ne, ko fasa gida da dare, ko cinna wa gida wuta. Saboda haka mutanen ƙauyen da 'yan bindiga suka shigo wa da tsakar dare a kan babura, suka fito da bindigar toka da adda da kwari da baka suka tare su, suka kashe na kashewa, ba su aikata laifin komai ba. Babu lauyan kirki da zai ce sun yi. Masu cewa dokar Najeriya ta ɗaure hannun talaka ta miƙa wa ɗan bindiga ba su karanta ta ba.

Sai dai sassan nan guda biyu da ba a son ji. Na 62 ya ce kariya ba ta kai ga yin ɓarnar da ta wuce abin da ake buƙata don kariyar ba. Na 63 ya ce babu haƙƙin kare kai a inda akwai lokacin da za a nemi taimakon hukuma. A nan na san abin da mai karatu na Zurmi ko Sabon Birni zai ce: wace hukuma? Ka kira da ƙarfe ɗaya na dare, su zo bayan an yi jana'iza. Gaskiyarsa ce, kuma wannan gaskiyar tana ƙara masa ƙarfi ne a gaban shari'a, domin a daren da aka shigo masa babu lokacin neman kowa. Amma gari ya waye fa? Maharan sun tafi, sun shige daji. Matasa suka taru da hantsi, suka nufi rugar da ke bayan gari, ko suka jira ranar kasuwa suka tare duk mai sanda da malafa. Wa ke kawo musu hari a wannan lokacin? Babu. Tsohon da suka samu yana sayar da akuya, da matar da ta kawo nono, ba su ne suka shigo da dare ba, ko da a ce an san wani ɗan'uwansu yana daji. Wannan ramuwar gayya ce, kuma a doka sunanta kisan kai, hukuncinta kisa.

Mun ga inda wannan hanya ke kaiwa, ba sai an ba mu labari ba. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa ta jihar Sakkwato, suka kashe Fulani 11, cikinsu har da limami. Ba a yi mako biyu ba 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe sama da mutum 40, kuma mutane da yawa a yankin sun danganta na biyun da na farkon. Wa aka kare? Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara tun farkonsa, shekara goma sha wani abu da suka wuce, ya san cewa satar shanu da fashi ne suka haifi 'yan sa-kai, yankan mutane a kasuwa ba tare da shari'a ba kuma ya tura samari da dama daji, ya ba shugabannin 'yan bindiga hujjar da suke fakewa da ita har gobe. Ban ce hujjar ta wanke su ba. Wanda ya ƙona ƙauye ya sace mata da yara azzalumi ne, ko me aka yi wa ubansa. Abin da nake cewa shi ne gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato ba don son 'yan bindiga suka haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a lokuta daban-daban ba. Sun ga abin da take ƙara wa wutar ne.

Akwai masu cewa yanzu lokacin yaƙi ne, a yaƙi kuwa ba a maganar sashe kaza. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tunanin cewa ɗansa na iya zama baƙon da aka tare a hanya ba.

Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa fahimtar haka, domin mu ne matafiyan ƙasar nan. Mu ne a kan tirela daga Fatakwal, mu ne masu kai albasa Aba, mu ne masu gadi da masu facin takalma a Legas. A Agustan 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba ta Jos suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe sama da 20. A Mayun 2022 aka harbe Harira Jubril da 'ya'yanta huɗu a Anambra. Yanzu ga Uromi. A kowane lokaci mun yi kuka, kuma kukanmu daidai ne. Mun ce ina shaida, ina bincike, me ya hana a miƙa su ga 'yan sanda? Waɗannan tambayoyi ne na doka, su ne ainihin iyakokin da nake magana a kansu. To me ya sa idan abin ya zo gida sai mu manta da su? Laifi tudu ne. Mutumin da ya rubuta dogon sharhi a kan zaluncin Uromi da safe, shi ne da yamma zai tura bidiyon wani yaro da aka kama a Kano ana cewa ya ƙwaci waya, an farfasa masa kai, ya rubuta a ƙasa cewa maganinsu ke nan.

Bari in tsaya a kan ƙwacen waya, domin a nan ne ake cakuɗa kare kai da hana laifi, kuma a nan ne mutanen kirki suka fi zamewa. Na san zafin abin. An kashe ɗalibai, an kashe magidanta a kan waya, an bar mata da marayu. A 2023 abin ya kai ga matasa sun riƙa ƙona Adaidaita Sahu da ake zargin ta masu ƙwace ce a titunan Kano, mutane suna sowa. Idan ɗan daba ya zaro maka wuƙa ya ce ka ba shi waya, fashi yake yi, kuma duk abin da ka yi masa a wannan daƙiƙa don ka tsira, doka na bayanka. Idan kana wucewa ka ga ya ɗora wa wata baiwar Allah wuƙa, ka kai masa gora ya faɗi, doka na bayanka. Idan ya ruga kuka bi shi kuka kama, nan ma kuna kan daidai, domin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi, ta ba kowane ɗan ƙasa ikon kama wanda ya aikata laifi a gabansa. Amma dokar ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Daga lokacin da wuƙa ta faɗi, mutum goma suka danne shi, an ɗaure masa hannu, ba ya iya cutar da kowa. Dutsen da aka ɗauko bayan nan, da fetur ɗin da aka aika a sayo, ba su kare kowa ba. Hukunci ne ake yankewa, kuma waɗanda ke yanke shi ba su ji shaida ba, yawancinsu ma ba su ga abin da ya faru ba, ihu kawai suka ji suka fito.

Ihu kuwa kowa na iya yin sa. Mai bin ka bashi na iya yi, wanda kuke neman yarinya ɗaya na iya yi, shi kansa ɓarawon na iya nuna wani ya ce ga shi can. A Aluu ta jihar Ribas a 2012 ihun ɓarayi aka yi wa ɗaliban jami'a huɗu, aka kashe su, daga baya kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a 2017. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 555 da taron jama'a ya far wa a Najeriya tsakanin 2012 da 2023, wasu kan zargin sata, wasu maita, wasu ɓatanci. Nawa ne a cikinsu suka aikata abin da aka ce? Babu mai iya faɗa, domin an kashe su kafin a tambaya.

Za a ce mini idan an kai su caji ofis gobe za a gan su a unguwa. Yana faruwa, kuma abin kunya ne ga 'yan sanda da kotuna da iyayen gidan 'yan daba masu zuwa beli. Amma maganin belin banza shi ne a matsa wa mai bayar da shi, a bi shari'ar, a fito a ba da shaida. Mutum ɗari za su taru a dukan ɓarawo, ranar da aka kira shari'a ba za ka samu biyu da za su je kotu su ce mun gani ba. Sai alƙali ya sallame shi don babu shaida, mu dawo muna zagin alƙali.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu jingina wannan ɗabi'a da addini. Suna kawo hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne, da wanda wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mai son ƙwace masa dukiya, aka ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi. Hadisan ingantattu ne. Amma a duba su da kyau, duka suna magana ne a kan maharin da ke tsaye a kanka yana yaƙar ka. Malaman Malikiyya, mazhabar da muka tashi a cikinta, sun yi bayanin tunkuɗe mahari filla-filla: a fara yi masa gargaɗi idan mai hankali ne kuma akwai dama, a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi, ba a nufin kashe shi sai an san babu abin da zai hana shi sai hakan. Har sun ce idan mutum zai iya kauce masa ba tare da wata cuta ba, kada ya ji masa rauni. Wannan ya fi Penal Code tsauri a wasu wurare. Alƙur'ani da ya yi izinin yaƙar masu yaƙar mu, a cikin ayar ya ce kada a ƙetare iyaka. Da ya ba waliyyin wanda aka kashe iko, ya ce kada ya wuce gona da iri wajen kisa. Ya kuma maimaita cewa babu rai da ke ɗaukar laifin wani rai. An hana azabtarwa da wuta. Haddi da ƙisasi kuwa aikin shugaba ne da alƙali, bayan shaida, babu malamin da ya san abin da yake yi da ya taɓa miƙa su ga 'yan unguwa. Ɓarawon da shari'ar Musulunci ba ta yanke wa kisa ba ko da an tabbatar da satarsa, da wane littafi ake ƙona shi a bakin titi?

Kada kuma masu kaki su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Sashe na 33 ɗin nan da ya ɗaure farar hula da sharaɗin larura, shi ne ya ɗaure ɗan sanda da soja. Rundunar 'yan sanda da kanta ta sake fasalin umarninta na amfani da bindiga, wanda ake kira Force Order 237, a 2019, ta taƙaita harbi ga inda rai ke cikin haɗari. Amma mun ga Zariya a Disamban 2015, inda kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya ji cewa an binne mutum 347 a rami ɗaya. Mun ga zanga-zangar Agustan 2024 da gawarwakin matasa a Kano da Jigawa da Neja. Hukumar da ba ta hukunta nata idan sun wuce iyaka, da wane baki za ta ce wa ɗan banga ya tsaya a tasa? Rabin taurin kan da jama'a ke yi a kan wannan batu daga nan ya samo asali.

Sai maganar bindiga, inda rashin gaskiyar manyan ya fi fitowa fili. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi-kashi. Irin wadda 'yan bindiga ke riƙewa, mai sarrafa kanta, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar harsashi ta gida sai da lasisin Sufeto Janar. Ta toka ce kawai ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Da Matawalle ya yi sanarwarsa a 2022, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. To da me ake so talaka ya kare kansa? Idan ya sayi ta ɓoye, sojan da ke shingen hanya zai kama shi, a nuna shi a talabijin a matsayin ɗan ta'adda, kuma babu gwamna ko Janar da zai je ya ce ni na sa shi. Idan ya riƙe ta toka mai lasisi, ya ga abin da ya samu mafarautan Bunkure ta jihar Kano a Uromi. Idan ya fito da ita don bin sawun maharan, ya tuna Tungar Kara a Zamfara a Janairun 2025, inda jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a kan 'yan sintiri da mutanen gari da suka fito kai ɗauki. Mai faɗa a ji da ya san duk wannan, ya kuma ce "ku tashi" ya yi shiru, ya sauke nauyin da ke kansa ne ya ɗora wa wanda ba shi da komai.

Jihohi sun kafa rundunoninsu: Katsina a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024, Sakkwato bayansu. Wannan ya fi 'yan sa-kai marasa uban gida, in dai akwai rajista da albashi da kwamanda da za a tuhuma. Amma ina so in ji, a cikin makonnin horon da ake ba su, awa nawa ake warewa a koya musu lokacin da ba a harbi? Ina so in ga ranar da gwamna zai miƙa askarinsa ga kotu don ya kashe wanda ya riga ya miƙa wuya. Kafin wannan rana, kaki kawai aka sauya.

Game da Sunday Jackson, ra'ayina ba ya tare da masu cewa Kotun Ƙoli ta soke haƙƙin kare kai a Najeriya, domin ba ta soke ba, ƙa'idar da ta tsaya a kai tsohuwa ce kuma ingantacciya: kariya na ƙarewa inda barazana ta ƙare. Ba ya kuma tare da masu murna da hukuncin don kawai mamacin namu ne. Inda na saɓa da masu rinjaye shi ne wajen auna lokacin. Mutumin da aka soka, jini na zuba, suna birgima a ƙasa shi da wanda ya zo kashe shi, su biyu a daji babu mai raba su, ba ya cikin halin da zai tsaya ya lissafa ko suka ɗaya ta isa, ko kuwa in ya juya baya da rauni a jiki ba za a biyo shi ba. Wannan ya sha bamban da taron da ya ɗaure mutum, ya jira a kawo taya. Ita dokar ma ta san da irin wannan hali. Sashe na 222 na Penal Code ya ce wanda ya wuce iyaka yana cikin kare kansa da zuciya ɗaya, ba tare da ya shirya kisan ba, laifinsa kisa ne amma ba mai hukuncin kisa ba. Ko da an ce ya zarce, a nan ya dace a ajiye shi. Ya shafe kusan shekara goma a tsare. Ga kuma ƙorafin lauyoyinsa cewa babbar kotu ta wuce kwana 90 da tsarin mulki ya gindaya kafin ta yanke hukunci bayan rufe bahasi.

Kotu ta gama nata, babu sauran ɗaukaka ƙara. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ikon yin afuwa ko sassauta hukunci, kuma ya yi amfani da shi a Disamban 2025, ya yi wa Jackson afuwa; ya kamata kuma ya nemi iyalan makiyayin a zauna da su, domin su ma an kashe musu mutum. Su kuma mutum 14 da 'yan sanda suka ce sun kama kan kisan Uromi, a gurfanar da su a buɗaɗɗiyar kotu, a sanar da ranakun zama, gwamnatin Kano ta tura lauyoyin da za su riƙa halarta suna gaya wa mutanen Torankawa, garin wasu daga cikin mamatan, abin da ake ciki. Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ya yi ta'aziyya, ya yi alkawarin diyya da hukunci. Har zuwa Afrilun 2025 iyalan suna jiran duka biyun.